Maganar Da Ba Ta Shiga Baro

Duk wanda ya saba kunna rediyo da magariba domin sauraren labarai cikin harshen Hausa a nan birnin Yamai ya san irin wannan jimla, wadda muka harhaɗa da kanmu domin misali: "An gudanar da taron wayar da kai game da ƙarfafa kyakkyawan shugabanci da aiwatar da tsarin yaƙi da talauci, da nufin samar da ci gaba mai ɗorewa." Hausa ce babu kuskure, kuma tana da daɗin ji. To amma idan mai karatu ya ɗauki wannan jimla ya kai wa tsohuwarsa a ƙauye, abin da za ta fara tambayarsa shi ne, su wane ne suka taru, me suka yanke, kuma me zai iso gare ta. A nan ne zai lura cewa duk tsawon jimlar babu mutum ko ɗaya a cikinta, babu buhu, babu rijiya, babu ranar da za a ga wani abu da ido.

Wannan ne ya sa a wannan karo muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu wani ɗan gwaji mai sauƙi. A je kasuwar Katako ko ta Wadata a tsayar da mai baro, a ce ya ɗauki kaya. Zai ɗauki siminti, zai ɗauki buhun hatsi, zai ɗauki ƙarfen gini, har yaro marar lafiya zai iya ɗauka. To a ce masa ya ɗauki "ci gaba" ya kai unguwar Bukoki, ko ya loda "kyakkyawan shugabanci" ya tsallaka da shi gadar Kennedy zuwa Harobanda. Zai tsaya yana kallon mutum ne kawai. Gwajin ke nan: kowane suna da aka faɗa maka, ka tambayi kanka ko yana shiga baro. Idan ba ya shiga, to akwai yiwuwar wani aiki ne aka daskarar, aka ɓoye wanda ya yi shi da wanda aka yi wa.

Inda gwajin ya samo asali

Wannan gwaji na baro ya fito ne daga wani tsari da masu jin Faransanci suka sani da sunan PNL, wanda ke iƙirarin koya wa mutum sarrafa tunaninsa da halinsa ta hanyar harshe. Matasanmu da yawa sun ci karo da shi a tarurrukan koyar da dabarun gina kai, ko kuma a bidiyoyin da ke yawo a wayoyin salula. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1970 a garin Santa Kuruz na jihar Kalifoniya a Amurka, wato John Grinder, malamin ilimin harsuna a jami'ar garin, da Richard Bandler wanda yake ɗalibi a lokacin. Sun zauna sun yi nazarin yadda wasu shahararrun masu warkar da damuwar zuciya, irin su Fritz Perls da Virginia Satir, suke yi wa masu zuwa wurinsu tambayoyi, sannan a shekarar 1975 suka fitar da littafinsu na farko mai suna The Structure of Magic.

A cikin littafin sun yi bayanin cewa idan mutum yana ba da labarin abin da ke damunsa, yakan zubar da wani sashe na labarin, ya karkatar da wani, ya kuma yi wa wani kuɗin goro. Ɗaya daga cikin hanyoyin da hakan ke faruwa ita ce mayar da aiki ya koma suna, abin da Faransawa ke kira nominalisation, mu kuwa za mu kira shi daskarar da aiki. A ce magidanci ya zo yana kuka cewa "babu fahimta a gidana". Kalmar "fahimta" ta zama kamar wani kaya da ya ɓata, wanda sai dai a zauna a jira ya dawo. Mai tambaya sai ya narkar da ita ya mayar da ita aiki: wa ne ne ba ya fahimtar wa, a kan wace magana, kuma tun yaushe? Da zarar magidancin ya amsa cewa shi ne ba ya gaya wa maiɗakinsa nawa yake samu, ita kuma ba ta gaya masa abin da take kashewa, to matsalar ta sauko ƙasa, ta zama abin da mutum biyu za su iya gyarawa a daren nan.

Abin da nahawun Hausa ya tanada

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga wannan al'amari, domin harshenmu yana da nasa kayan aikin. Masana nahawun Hausa sun raba tsakanin sunan abin da ake gani ko taɓawa, kamar tukunya da jaki da kasuwa, da kuma ɓoyayyen suna, wanda sai dai a ji shi a rai. Hausa tana ƙera irin wannan suna ta hanyar liƙa ɗafi a ƙarshen kalma. Daga talaka aka samu talauci, daga adali aka samu adalci, daga shugaba aka samu shugabanci, daga jahili aka samu jahilci, daga aboki aka samu abokantaka. A kowane ɗaya an fara da mutum mai jini da tsoka, aka ƙare da kalmar da babu kowa a cikinta. Talaka yana da suna da gari da ƴaƴa, ana iya zuwa a same shi a ƙofar gidansa, amma talauci ba shi da adireshi, shi ya sa ake iya shekara da shekaru ana yaƙi da shi a ɗakunan taro na manyan otel-otel ba tare da an haɗu da talaka ko ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce suna ɗan aikatau, wato aikatau da aka mayar suna, kamar gyarawa, aiwatarwa, sabuntawa, bincike, gini. Idan aka ce "Ali ya gina aji uku bara", jimlar tana da mai aiki, da abin da aka yi, da lokaci, kuma ana iya ƙaryata ta idan aka je aka tarar da aji biyu. Idan kuwa aka ce "ginin azuzuwa yana cikin manufofinmu", babu mai ƙaryata wannan har abada, tun da ba a ce wani ya yi wani abu ba.

Hanya ta uku kuwa tamu ce ta gado, wato ƴar ƙaramar kalmar nan "an". An sace, an kama, an kashe, an yi sama da faɗi da kuɗin. Asalinta ladabi ne da kunya, domin Bahaushe ba ya son kama sunan babba gatsau, har ma yakan ce wa surukinsa "an wuni lafiya?" Amma kalmar da ke rufa asirin suruki ita ce kuma ke rufa asirin ɓarawo. Haka nan idan aka ce "kuɗin sun salwanta" ko "aikin bai yiwu ba", sai ka ce kuɗin ne suka yi ƙafa suka tafi da kansu.

Darasi daga tarihinmu

Mu ƴan Nijar mun daɗe muna rayuwa a ƙarƙashin manyan kalmomi. A duba sunayen Hausa da jam'iyyun siyasa suka laƙaba wa kansu kafin a rusa su a watan Maris na 2025: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, Lumana, kafin su kuma akwai Sawaba ta Djibo Bakary. Duka sunaye ne masu kyau, kuma babu mai hankalin da zai ce yana adawa da rahama ko zaman lafiya. A duba kuma majalisun sojan da suka karɓi mulki: ta 1996 ta ce ta zo ceton ƙasa, ta 1999 ta ce sasanta ƴan ƙasa, ta 2010 ta ce maido da dimokuraɗiyya, ta 2023 ta ce kare ƙasa. Ta marigayi Seyni Kunce ta 1974 ce kaɗai ta kira kanta da abin da take, wato majalisar ƙoli ta soja, ko da yake shi ma daga baya ya kawo tasa babbar kalma ta "al'ummar ci gaba". A 1993 kalmar da ke bakin kowa ita ce "canji", a 2011 kuma shugaba Mahamadu Isufu ya zo da shirin "farfaɗo da ƙasa". Ba muna cewa babu abin da aka yi a ƙarƙashin waɗannan sunaye ba ne. Abin da muke cewa shi ne, sunan shi kaɗai ba ya gaya wa kowa abin da aka yi, sai an buɗe shi an duba.

Misalin da ya fi ɗaci shi ne na ranar 9 ga Afrilu 1999, ranar da sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa suka harbe shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin saman Yamai. Sanarwar da Faraminista na lokacin ya yi wa ƴan ƙasa ta kira abin da ya faru "hatsari". Wannan kalma guda ɗaya ta haɗiye masu harbi, ta haɗiye wanda ya ba da umurni, ta haɗiye bindigar kanta, domin hatsari ba shi da mai shi. Bayanta sai wata kalmar ta biyo, wato "afuwa", wadda aka sanya a cikin kundin tsarin mulkin 1999, ba tare da wata kotu ta ƙasa ta faɗi wanda ake yafe wa da laifin da ya yi ba. Sai da iyalan marigayin suka kai ƙara kotun ƙungiyar CEDEAO, wadda a 2015 ta umurci gwamnatin Nijar ta biya su diyya.

Misali na biyu shi ne "tazarce". Masu lura da harshe za su ga cewa wannan ba ma kalma ɗaya ba ce, jimla ce sukutum, "ta zarce", aka dunƙule ta ta zama suna. Ta yi tashe a Najeriya a 1998 zamanin Janar Sani Abaca, sannan ta tsallako mana a ƙarshen 2008. Wace ce "ta" ɗin da za ta zarce? Masu goyon baya suka ce ayyukan raya ƙasa ne, irin su madatsar ruwan Kandaji da aka aza harsashinta a watan Agusta na 2008, da matatar man Damagaram, da gada ta biyu ta Yamai. Idan kuwa aka narkar da kalmar, abin da ke ciki shi ne, shugaba Tanja Mamadu, wanda kundin tsarin mulki ya ba wa'adi biyu na shekara biyar-biyar da za su ƙare a watan Disamba na 2009, yana son ya ƙara shekara uku ba tare da zaɓe ba. Domin wannan ne ya rusa majalisar dokoki ranar 26 ga Mayu 2009, ya rusa kotun tsarin mulki a ƙarshen watan Yuni bayan ta ce shirin ya saɓa wa doka, aka yi zaɓen raba-gardama ranar 4 ga Agusta wanda ƴan adawa suka ƙaurace wa, sojoji kuma suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Abin lura shi ne, an buɗe gadar da matatar a 2011 bayan ba ya kan mulki, ita kuwa madatsar Kandaji shekara goma sha biyar bayan aza harsashinta ba a kammala ta ba.

Sunan da talakawa ke ba yunwa

A shekarar 2005, bayan ƙarancin ruwan sama da farin ɗango na daminar 2004, fiye da mutum miliyan 3 suka shiga halin rashin abinci a ƙasar nan. A wannan shekara an sha gardama a kan kalma: shin "yunwa" ce, ko kuwa "matsalar abinci"? Shugaba Tanja ya musanta cewa akwai yunwa, inda a watan Agusta ya shaida wa BBC cewa jama'arsa ba su yi kama da masu jin yunwa ba. A cikin wannan watan ne Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, ya je Damagaram ya gane wa idonsa. Ƙungiyar likitocin MSF kuwa ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu fama da tamowa mai tsanani a shekarar, akasarinsu a jihar Maraɗi. Ana iya yin gardama a kan "matsalar abinci" har gari ya waye, amma yaron da aka ɗora a kan sikeli aka auna damtsensa ba a gardama a kansa.

Abin sha'awa shi ne yadda mutanen karkara suke raɗa wa irin waɗannan shekaru suna. Masanin tarihi Bureima Alfa Gado na jami'ar Yamai ya yi nazari mai zurfi a kan tarihin yunwa a yankin Sahel da sunayen da jama'a ke ba ta. Ta 1913 zuwa 1914 Hausawa sun kira ta Kakalaba. Ta 1984 zuwa 1985 kuwa, a ƙasar Hausa ta Nijar an kira ta El-Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, hatsi ya daina shigowa. Ko an yarda da hukuncinsu ko ba a yarda ba, manoman da ba su taɓa shiga lakwal ba sun yi abin da masu digiri ke kasa yi a rahotanninsu, wato sun nemi hannun da ke cikin al'amarin sun kira shi da suna.

Ranar da aka narkar da "tsadar rayuwa"

Mazauna Yamai ba za su manta da watan Maris na 2005 ba. Tsadar rayuwa kalma ce da kowa ke kuka da ita tun fil azal, kuma ba ta shiga baro. Amma a farkon wannan shekara gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan garin alkama da madara da sukari da ruwan famfo da wutar lantarki. Ƙawancen ƙungiyoyin fararen hula da Nuhu Arzika ya jagoranta bai tsaya a kan kukan tsada kawai ba, ya nuna dokar, ya faɗi adadin, ya lissafa kayan. Ranar 15 ga Maris dubban jama'a suka yi jerin gwano a Yamai, mako guda bayan haka aka yi zaman gida, kasuwanni suka kasance a rufe. An kama shugabannin ƙawancen su biyar, daga baya aka sake su, kuma a cikin watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan garin alkama da madara, ta kuma sassauta wa masu ƙaramin ƙarfi a kan ruwa da wuta. Da a ce abin da aka nema shi ne "kyautata rayuwar al'umma", da gwamnati ta amsa da "muna ɗaukar matakai", kowa ya koma gida. Da yake an nemi abin da ke da lamba, dole amsar ta zama e ko a'a.

Akasin haka shi ne abin da ya faru da kalmar "kyauta". A 2006 aka ayyana cewa jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta zama kyauta a asibitocin gwamnati, kuma babu shakka iyaye mata da yawa sun amfana. Sai dai magani ba ya faɗowa daga sama, dole wani ya biya. Tsarin shi ne asibiti ya yi jinya, daga baya baitulmali ya mayar masa da kuɗinsa. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke nan Yamai sun nuna yadda biyan ya riƙa yin jinkiri na watanni har da shekaru, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa a ɗakunan shan magani, iyaye suka koma saye a waje. Tambayar da kalmar "kyauta" ta rufe ita ce: wa zai biya, daga wace aljihu, kuma a wane wata?

A kwatanta wannan da sanarwar watan Yuli na 2024, wadda ta rage farashin litar esansi zuwa Sefa 499. Wannan magana ce da ke shiga baro, domin kowane ɗan kabu-kabu ya iya zuwa gidan mai ya tabbatar da ita washegari. Kuma saboda haka ne, lokacin da man ya yi ƙaranci a watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka, babu wanda ya buƙaci a fassara masa abin da ke faruwa. Maganar zahiri tana ɗaure mai yin ta, ko ya cika ko ya saɓa kowa zai gani. Hausawa dai sun ce alƙawari kaya ne.

Wuƙa mai baki biyu

A nan ya kamata mu ja hankalin matasanmu masu biyan kuɗi domin koyon PNL a kan abubuwa biyu. Na farko, mutanen nan biyu da suka koyar da yadda ake narkar da daskararriyar kalma, su ne kuma suka koyar da yadda ake amfani da ita da gangan. Sun yi nazarin wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Milton Erickson, wanda ya shahara wajen sanyaya hankalin majinyaci da magana har ya zama kamar mai gyangyaɗi, suka gano cewa yana yawan amfani da kalmomi marasa iyaka irin su natsuwa, ilimi, sauyi, mafita. Dalili kuwa shi ne, kalmar da ba ta da takamaiman abu a ciki, kowane mai saurare yakan cika ta da abin da ransa ke so. Idan mai neman ƙuri'a ya ce "canji", ɗan kasuwa zai ji ragin kuɗin kwastan, malamin makaranta zai ji albashi a kan lokaci, manomi zai ji taki, kowa ya tafa, alhali ba a yi wa kowa alƙawarin komai ba. Wannan dabara ce ake koya wa masu talla da masu neman shawo kan jama'a. Mu kuwa tun tuni muna da sunanta, romon baka.

Na biyu, manyan iƙirarin PNL ba su samu goyon bayan binciken kimiyya ba. A 1988 wani kwamitin majalisar binciken kimiyya ta Amurka ya duba tsarin ya ce bai ga hujjar da ke tabbatar da shi ba. A 2012 masanin halayyar ɗan Adam Richard Wiseman da abokan aikinsa suka gwada maganar nan da ake yaɗawa cewa ana gane maƙaryaci ta inda ƙwayar idonsa ta karkata, suka tarar ba haka ba ne. A wannan shekarar kuma wani nazari da aka buga a mujallar likitocin Ingila ya ce babu isasshiyar shaida cewa tsarin yana inganta lafiyar majinyata. Saboda haka wanda aka ce ya kawo jika ɗari domin a sake masa ƙwaƙwalwa cikin kwana uku, ya fara gwada baro a kan mai tallar: me za ka yi mini, kuma ta yaya zan gane ya yi aiki? Ita dai tambayar "wa ya yi me" ba mallakar PNL ba ce. Marubucin nan na Ingila George Orwell ya yi gargaɗi a kan irin wannan harshe na ƴan siyasa tun 1946, kuma kowane alƙali nagari da ita yake fara shari'a.

Haka kuma shi kansa gwajin baron yana da iyaka. Yunwa ba ta shiga baro amma tana kisa. Gaskiya, amana, haƙuri, kunya, mutunci da adalci, waɗanda Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a wani nazari da aka buga a 1974, babu ɗayansu da ke shiga baro, kuma al'ummar da ta rasa su ta rasa komai. Sai dai a lura da yadda Bahaushe ke tabbatar da su. Ba a ce wa mutum mai amana don ya faɗa da bakinsa, sai don an ba shi ajiya ya mayar da ita cif-cif. Wato ɓoyayyen suna na gaskiya yana da ayyuka a bayansa waɗanda za a iya lissafawa idan an tambaya. Na bogi kuwa, ana tambaya sai a ba ka wani ɓoyayyen sunan.

Abin da ke gabanmu

Dalilin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa shi ne, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdurahaman Tiani ya sanya wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi muhawara a kan matsayin sauran harsunanmu, kuma muhawara ce da ta cancanci nata filin. Abin da ya shafe mu a nan shi ne irin Hausar da za a riƙa yi wa jama'a magana da ita. Faransancin ofis cike yake da sunaye masu ƙarewa da "-tion" da "-ment", kuma mu masu fassara mun saba ɗauko su ɗaya bayan ɗaya muna sanya musu riga da hula: sensibilisation ta zama wayar da kai, mise en œuvre ta zama aiwatarwa, renforcement des capacités ta zama ƙarfafa ƙwarewa. Idan haka za a ci gaba, manomin Dogon Dutsi zai ji kowace kalma amma ba zai san abin da aka ce ba, kuma wannan ya fi muni, domin da can ya san Faransanci ne bai ji ba, yanzu kuwa zai zaci laifin kansa ne.

Ita ma "sake gina ƙasa", kamar "ƴancin kai" da "tsaro", suna ce da ba ta shiga baro, kuma girmama ta shi ne a yi mata tambayoyin da ya kamata a yi wa waɗanda suka gabace ta. Wace makaranta ce ta bar rumfar zana ta koma ajin siminti, a wane gari, da kuɗi nawa? Wace hanya ce ɗan kasuwa ke bi yanzu ba tare da rakiyar soja ba? Mutum nawa ne suka koma garuruwansu a jihohin Tilaberi da Difa? Mai aiki na gaskiya ba ya tsoron irin waɗannan tambayoyi, domin su ne ke fito da aikinsa fili.

Mu ƴan jarida ne ya kamata mu fara gyara kanmu, tun da mu ne muke rubuta "an yi almundahana" alhali takardar kotu tana gabanmu da suna da adadi, mu ne kuma muke cika shafi da "an tattauna muhimman batutuwa" don ba mu tsaya mun tambayi ko waɗanne ne ba. Daga yau mai karatu yana da haƙƙin ya auna wannan shafi da ma'aunin da muka ba shi. Sannan ya tafi da shi fada wurin shan shayi, da taron iyayen yara, da ofishin magajin gari, har da cikin gidansa ranar da ya ji bakinsa yana cewa "babu tarbiyya a gidan nan". Tambayoyin guda huɗu ne kacal: wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa, kuma yaushe? A yi su cikin ladabi, a kuma jira amsa. Matambayi dai ba ya ɓata.

Allah Ya ba mu shugabanni masu faɗa da cikawa, mu kuma Ya ba mu kunnen rarrabe tsaba da ƙaiƙayi, amin.